Sinadarin Girma a Jikin Manya: Abin da Allura Ke Gyarawa da Abin da Ta Kasa

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar ɗan Adam, can bayan karan hanci, akwai wata 'yar halitta mai girman ƙwayar wake, nauyinta kusan rabin giram. Likitoci suna kiranta fitiwitari. Duk da ƙanƙantarta, ita ce ke ba wasu muhimman sassan jiki umarni. Ita ke sa halittar maƙogwaro, wadda idan ta kumbura ake ce mata maƙoƙo, ta fitar da sinadarin tayirokzin. Ita ke sa halittun da ke saman ƙoda su fitar da kotizol, wanda ke riƙe jini da sukari lokacin da jiki ya shiga wahala. Ita ke tafiyar da al'adar mace da ƙarfin namiji, ita ke kawo ruwan nono ga mai jego. Ita ce kuma ke fitar da sinadarin girma.

Yawancinmu mun san aikin wannan sinadari a jikin yara: idan babu shi, yaro ba ya tsawo. Abin da ba a cika sani ba shi ne jiki ba ya daina fitar da shi bayan ƙashi ya gama miƙewa. Yana ci gaba da fita har tsufa, musamman da dare lokacin barci mai nauyi. Yakan tafi hanta ya sa ta samar da wani sinadarin da ake kira IGF-1, su biyun kuma su haɗu su riƙe tsoka, su ƙarfafa ƙashi, su narkar da kitse, musamman kitsen da ke taruwa a cikin ciki kewaye da hanji. Babban mutum da ya rasa shi yakan yi tumbi ko da cin abincinsa bai ƙaru ba, tsokarsa ta ragu, mugun kitsen jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, ga gajiya da ba ta jin hutu, ga son keɓewa daga mutane.

Sama da shekara 35 ke nan ana yi wa irin waɗannan mutane allurar sinadarin. Lokaci ya isa a tambaya: idan aka shekara goma ko sha biyar ana yi, me take gyarawa da gaske? Kuma a gari irin Jiwa da ke gefen Abuja, wa ke buƙatarta, kuma a wane matsayi take cikin jerin abubuwan da suke buƙata?

Su wa ke rasa shi

A Turai da Amurka, mafi yawan manyan da ke da wannan matsala sun same ta ne daga ƙari da ya fito a fitiwitari, ko daga tiyatar cire shi, ko daga gashin da aka yi wa kai don kashe ƙarin. Mu ma muna da irin waɗannan. Sai dai a ƙasashenmu akwai wata babbar hanya da su suka kusa toshewa, mu kuwa tana nan a buɗe: zubar jini bayan haihuwa.

Lokacin goyon ciki, fitiwitari yakan kumbura har ya kusa ninka girmansa, domin yana shirin kawo nono. Yana zaune ne a wani ɗan rami na ƙashi mai matsi, jijiyoyin da ke kai masa jini kuma ba masu ƙarfin bugu ba ne. Idan mace ta zubar da jini sosai har jininta ya yi ƙasa, jini ya daina isa wurin, sai wani ɓangare na halittar ya mutu, kuma ba ya sake tohowa. Wani likitan binciken gawa ɗan Birtaniya, Harold Sheehan, shi ya yi cikakken bayanin wannan a 1937 lokacin da yake aiki a asibitin haihuwa na Glasgow, shi ya sa ciwon ke ɗauke da sunansa. Ƙwayoyin da ke fitar da sinadarin girma da na nono suna cikin waɗanda suka fi saurin lalacewa.

Duk wanda ya zauna cikin unguwanninmu ya san irin wannan mata, ko da bai san sunan ciwonta ba. Ta haihu a gida, mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini ya ɓalle, aka kai ta asibiti a sume, aka yi mata ƙarin jini ta farfaɗo. Kowa ya yi hamdala. Amma nono bai zo ba. Aka dama kunun kanwa, aka jiƙa saiwoyi, shiru, har aka koma ba jariri madarar gwangwani. Aka gama wankan jego, aka yi arba'in, aka shekara, al'ada ba ta dawo ba. Gashin hammata da na mara ya zube, abin da kunya ba za ta bari ta faɗa wa kowa ba. Fatarta ta bushe ta yi fari, ƙananan tamoji suka fito a gefen ido da baki, ta zama kamar ta girmi shekarunta. Tana jin sanyi ana tsakiyar bazara. A kemis a ce taifot ne da maleriya, a ɗaura mata ruwa. A gida wasu su ce rashin jini ne, wasu su ce sammu ko iska, wasu ma su ce lalaci ne. Ana haka miji ya ƙaro aure saboda haihuwa ta tsaya.

Wannan ba sabon abu ba ne a yankinmu. A 1991 likitoci a Babban Asibitin Yamai sun wallafa rahoton mata 40 da suka gani da wannan ciwo. A yankin Kashmir na Indiya, wani bincike na 2005 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 3 cikin 100 na matan da suka haura shekara 20 kuma suka taɓa haihuwa suna da shi. A Kayseri ta Turkiyya, inda aka bi bayanan mata fiye da 100, an gano cewa tsakanin haihuwar da ta jawo ciwon da ranar da aka gane shi yakan kai kusan shekara 20. Idan muka tuna cewa binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 kacal na haihuwa a Nijeriya ake yi a asibiti, za mu gane cewa matan da suka tsira daga zubar jini amma suka fito da wannan tabo ba kaɗan ba ne. Jiwa tana cikin ƙaramar hukumar birnin Abuja, maƙwabciyar Gwagwa da Dei-Dei da Karmo. A taswira kusa take da manyan asibitocin ƙasar nan, amma ga macen da jini ya ɓalle mata da ƙarfe biyun dare, tazarar tana da tsawo.

Hanya ta biyu ita ce buguwar kai. Wani nazari da mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga a 2007 ya tattara bincike da dama, ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka samu rauni a ƙwaƙwalwa suna da nakasu a aikin fitiwitari bayan watanni. A garuruwan gefen Abuja, inda acaɓa ke ɗaukar mutane safe da yamma ba hular kwano, matashin da ya tashi daga haɗari amma ya kasa komawa yadda yake a da ya cancanci a duba masa wannan.

Yadda maganin ya samu

A 1958 Maurice Raben, wani likita a Boston, ya fara yi wa wani matashi allurar sinadarin girma da aka tatso daga fitiwitarin gawarwaki. Maganin ya yi ƙaranci ƙwarai, don haka yara kawai ake ba. A 1985 aka dakatar da shi bayan an gano wasu da aka yi wa allurar sun kamu da wata cutar ƙwaƙwalwa mai kisa, Creutzfeldt-Jakob, wadda ta biyo ta cikin gawarwakin. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Genentech ya samu izinin sayar da irin wanda ake haɗawa a ɗakin bincike. Da magani ya wadata, sai aka fara tunanin manya.

A 1989 aka buga gwaje-gwaje biyu, ɗaya daga Aarhus ta Denmark, ɗaya daga asibitin St Thomas da ke Landan. A na Landan, cikin wata shida, waɗanda aka yi wa allurar sun rage kitse da fiye da kilo 5, sun kuma ƙara kusan haka a sauran naman jiki. Shekara guda bayan nan, Rosén da Bengtsson a Gothenburg ta Suwidin suka bi bayanan mutum 333 masu raunin fitiwitari waɗanda aka ba su sauran sinadarai ban da na girma, suka ga mutuwa ta ciwon zuciya da jijiyoyin jini ta kusa ninka ta sauran jama'a. Nan da nan aka ɗora laifin a kan rashin sinadarin girma. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ba manya shi a 1996.

Abin da dogon lokaci ya nuna

A nan ne maganar ta fi buƙatar natsuwa, domin sakamakon wata shida da na shekara goma ba ɗaya ba ne.

A 2004 aka tattara gwaje-gwaje 37 wuri ɗaya. Matsakaicin sakamako shi ne kitse ya ragu da kusan kilo 3, naman jiki ya ƙaru da kusan haka, mugun kitsen jini ya sauka, ƙaramar lambar awon jini ta ɗan sauka. Amma sukarin jini na safe da insulin sun ɗan hau. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin sinadarin girma yana hamayya da insulin: idan ya narkar da kitse ya zuba shi cikin jini, tsoka takan rage karɓar sukari.

Likitocin Gothenburg sun bi marasa lafiya 156 har tsawon shekara 15, suka buga sakamakon a 2013. Naman jikin da aka samu ya ɗore, kitsen jini ya ci gaba da kyau, amma kitsen jiki da ya faɗi da farko ya riƙa dawowa a hankali yayin da shekaru ke tafiya. A wannan shekarar kuma, likitocin Leiden ta ƙasar Holan suka fitar da nasu binciken a kan mutum 98 da suka yi aƙalla shekara 10 suna allurar. Mugun kitsen jini ya sauka, amma nauyi da faɗin ƙugu sun ƙaru. Akwai wani rukunin alamomi da likitoci ke haɗawa wuri ɗaya saboda suna share fagen ciwon suga da ciwon zuciya: tumbi, hawan jini, hauhawar sukari, da lalacewar kitsen jini. Masu wannan rukuni a cikin mutanen Leiden sun tashi daga kusan kashi ɗaya cikin uku zuwa fiye da rabi. Tsufa yana da hannu a ciki, amma allurar ba ta hana ba.

Akwai kuma babban kundin KIMS na kamfanin Pfizer, wanda ya tattara bayanan mutum fiye da 15,000 daga 1994 zuwa 2012. Daga cikinsa an ga cewa ciwon suga ya fi bayyana ga waɗanda dama suna da ƙiba ko sukarinsu ya fara hawa kafin a fara allurar. An kuma ga abin da ke kwantar da hankali: ciwon daji bai ƙaru ba fiye da abin da ake tsammani a cikin sauran jama'a. Ta fuskar ƙashi, ƙarfinsa yakan ƙaru bayan shekara ɗaya zuwa biyu, kuma maza sun fi mata cin wannan moriya. Da yawa daga marasa lafiya, musamman waɗanda suka fi galabaita tun farko, suna cewa kuzarinsu da walwalarsu sun dawo.

Saura babbar tambaya: shin allurar tana hana bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, tana ƙara tsawon kwana a ma'aunin likita? Har yau ba a yi babban gwaji na dogon lokaci da aka raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a don amsa wannan ba. Kundayen da ake da su na waɗanda likitoci suka zaɓa ne suka ba maganin, kuma galibi masu ɗan ƙarfi ake zaɓa. Daga baya ma an fahimci cewa yawan mutuwar da aka gani a 1990 yana da wasu dalilai: illar gashin da aka yi wa kai ga jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba da maganin kotizol fiye da kima, da barin mata matasa ba tare da maye musu sinadarin mata ba. Hukuncin adalci shi ne: allurar tana gyara tsarin jiki, kitsen jini, ƙashi da jin daɗin rayuwa ga wanda ya rasa sinadarin da gaske, amma ba ta ɗauke masa nauyin kula da abinci, motsa jiki, awon sukari da maganin hawan jini.

Yadda ake ba da shi

Ba a gane wannan rashi da ido, kuma awon jini sau ɗaya ba ya isa, tunda sinadarin yana fita ne lokaci-lokaci. Ana tsokano shi ne a asibiti, ko dai a yi wa mutum allurar insulin har sukarinsa ya faɗi a ga ko jiki zai mayar da martani, wanda gwaji ne mai haɗari ga mai farfaɗiya ko ciwon zuciya, ko kuma a yi amfani da allurar gulukagon. Idan mutum ya riga ya rasa wasu sinadarai uku na fitiwitari kuma IGF-1 ɗinsa ya yi ƙasa, galibi ba a buƙatar tsokanar. A nan akwai abin lura ga likitocinmu: rashin abinci mai gina jiki, ciwon hanta da ciwon sugan da ba a kula da shi ba duk suna saukar da IGF-1, kuma duka ukun suna da yawa a cikinmu.

Maganin yana zuwa ne a cikin wani abu mai siffar biro, da siririyar allura a bakinsa. Mutum yakan murɗa shi zuwa adadin da aka rubuta masa, ya kama fatar ciki ko cinya, ya yi wa kansa kafin ya kwanta, kowane dare. Ana farawa da kaɗan, kamar miligiram 0.2 zuwa 0.3 ga mai matsakaicin shekaru, a riƙa ƙarawa gwargwadon awon IGF-1. Macen da ke shan ƙwayar sinadarin mata ta baki tana buƙatar fiye da haka. Idan maganin ya yi yawa, ƙafafu su kumbura, gaɓoɓi su yi ciwo, yatsu su riƙa mutuwa. Ba a ba mai ciwon daji da ke kan ganiyarsa, ko wanda suga ya taɓa masa ido sosai. A 2020 Amurka ta amince da Sogroya na kamfanin Novo Nordisk, wanda ake yi sau ɗaya a mako. Yawancin ire-iren maganin suna buƙatar firji, abin da ke da wuyar tabbatarwa a gidan da wuta ke zuwa tana tafiya.

Ko Ingila, da gwamnati ke biyan kuɗin magani, ba ta buɗe ƙofa ga kowa ba. Tun 2003 hukumar NICE ta gindaya sharuɗɗa: sai rashin ya yi tsanani, sai ya taɓa rayuwar mutum a fili bisa wani ma'auni na tambayoyi, sai an riga an maye masa sauran sinadaran, sannan a gwada na wata tara, idan ba a ga sauyi mai ma'ana ba a daina.

Ba maganin tsufa ba ne

A 1990 wani likita, Daniel Rudman, ya yi wa tsofaffin maza 12 wannan allura na wata shida, tsokarsu ta ƙaru, kitse ya ragu. Daga wannan ɗan ƙaramin gwaji 'yan kasuwa suka gina kasuwar maganin tsufa da har yanzu take ci a intanet. A 2007 aka tattara gwaje-gwajen da aka yi wa tsofaffi masu lafiya, aka ga sauyin jikin kaɗan ne, kumburi da ciwon gaɓoɓi kuwa sun ƙaru. A 1999 wani gwaji a Turai ya nuna cewa ba da shi da yawa ga marasa lafiya da ke ɗakin kulawa ta musamman ya ninka mutuwarsu. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi. Matasanmu masu ɗaga ƙarfe da ake tallata wa kwalabe a waya su san cewa wanda jikinsa ke fitar da sinadarin daidai, ƙari ba ya kawo masa komai sai haɗarin suga da hawan jini, balle kuma abin da ba shi da rajistar NAFDAC, ba a san me aka ɗura a ciki ba.

Abin da ya kamata mu sa a gaba

Ga macen da zubar jini ya lalata wa fitiwitari, rashin sinadarin girma ba shi ke kisa da gaggawa ba. Rashin kotizol ne. Zazzaɓi ɗaya, gudawa ɗaya ko tiyata ɗaya na iya sa jininta da sukarinta su faɗi ta suma. Maganinsa ƙwayoyi ne, haidirokotizon ko firedinisolon, waɗanda ake samu a ƙasar nan kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na allurar ba. Bayan shi sai tayirokzin, kuma a wannan jerin, domin fara tayirokzin kafin kotizol na iya jefa ta cikin haɗari. Sai sinadarin mata ga wadda ba ta kai shekarun daina al'ada ba, don kare ƙashinta. Allurar sinadarin girma ita ce ta ƙarshe, kuma idan an fara ta dole a sake duba adadin sauran magungunan, tunda takan tona raunin da ya ɓoye. Macen da aka ba waɗancan ƙwayoyi daidai takan miƙe ta koma harkokinta, wasu ma da taimakon likitocin haihuwa sukan sake samun ciki. Akwai likitocin sinadaran jiki a Asibitin Ƙasa da ke Abuja, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada, da na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika.

Wanda ya fi duka shi ne hana jinin zuba tun farko, kuma a nan 'yar Kano ce a sahun gaba. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin gwajin E-MOTIVE da aka buga a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 a Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Dabarar mai sauƙi ce: a shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai aljihu da aka yi wa zanen awo, jinin ya taru a ciki, ungozoma ta gani da idonta idan ya kai mililita 500, maimakon ta yi kirdado daga zannuwa. Da ya kai, a haɗa matakai gaba ɗaya: murza mahaifa, allurar da ke sa ta tsuke, maganin tsayar da jini na tiranekzamik, ƙarin ruwa, da duba inda jinin ke fitowa. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayansa sun ragu da kashi 60 cikin 100. Duk macen da aka tare wa jini da wuri, an cece ta daga mutuwa, an kuma cece ta daga shekarun jinyar da ba a san sunanta ba.

Don haka kira na ga ma'aikatan ƙananan asibitocin Jiwa da kewaye shi ne su riƙa yi wa duk macen da ta zo da gajiyar da ta ƙi ƙarewa tambayoyi uku: kin zubar da jini sosai a haihuwarki ta ƙarshe? Nono ya zo? Al'ada ta dawo? Idan amsoshin sun nuna alama, a rubuta mata takardar zuwa babban asibiti, kada a tsaya a ƙarin ruwa. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da hukumomin lafiya na Abuja su sa awon sinadaran fitiwitari da ƙwayoyin maye gurbinsu cikin abin da talaka zai iya samu. Magidanta kuma, ku kai matanku awon ciki, ku tanadi abin hawa da mai ba da jini kafin ranar naƙuda. Idan kuwa akwai wadda kuka sani da ta canza tun bayan wata haihuwa mai wuya, ko da shekara goma ke nan, ku daina ce mata raguwa, ku kai ta a auna jininta.